Jawabin maraba ga Mai Girma Kwamishina a wajen baje kolin zanen matasanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagaci da masu unguwanni, Malam Liman, shugaban makaranta da malamansa, iyayenmu mata da ke zaune can gefen rumfa, da 'yan uwana matasa, barkanku da zuwa.

Yallaɓai, a madadin ƙungiyar matasan garin nan ina maka maraba lale, sannu da hanya. Mun san ayyuka sun maka yawa a Dutse amma ka ture su ka taho ƙauye dan kawai ka ga zanen yaranmu, wallahi ba mu ɗauki wannan da wasa ba. Allah ya saka da alheri.

Ajujuwa biyu muka share muka jera aikin. In ka shiga na farko ta hannun dama za ka tarar da zanen ranar kasuwa, wanda ya yi shi shi ne yaron nan da ke rubuta allunan shaguna da bayan motocin ɗaukar kaya, kowa a nan ya san hannunsa amma ba wanda ya taɓa kiransa mai fasaha, mai fenti kawai ake ce masa. Ka tsaya ka duba yadda ya fito da ƙurar da awaki ke tayarwa a bakin kara da yadda rana ke dukan buhunan riɗi, duk da ragowar fentin mota ya yi a kan falanki. Kusa da shi akwai na wata ɗaliba 'yar aji biyar a sakandare, ita da biro shuɗi kaɗai take aiki, ta zana hannun kakarta tana saƙar faifai, har jijiyoyin bayan hannun da lallen da ya fara koɗewa a farce sai da ta fitar. Tsohuwar tana nan cikin taron nan, ita ma yau za ta fara ganinsa a rataye.

Ranka ya daɗe, zane ba baƙo ba ne a ƙasar Birnin Kudu. Shanun da mutanen zamanin da can suka zana a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa suna nan har gobe, daga ƙasashen waje ma ana zuwa kallonsu. Kuma ƙawata ɗaki ba daga Turawa muka koya ba, duk wanda ya taso a gidan Bahaushe ya san jere, yadda uwa ke tara wa 'yarta kwanuka da tasoshi da faya-fayai da ƙore masu sassaƙa tun tana ƙarama, ran kai amarya a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, mata su yi ta shigowa kallo. Ga allon zayyana da ake yi wa mai sauka, ga dagin da magina ke fitarwa a goshin zaure, ga aska takwas a wuyan babbar riga. Ido dai muna da shi tun asali. Abin da ya canza shi ne yanzu in ka shiga falon mutum sai ka ga hoton roba da aka buga dubbai a wata ƙasa, ruwa na zubowa daga wani dutse da ba wanda ya san inda yake, shi aka saya aka manna, alhali mai zanen da zai fito maka da gonarka ko masallacin unguwarku yana bayan gidanka yana neman na sabulu. Wannan abin yana damuna sosai, kuma shi ya sa muka haɗa taron nan.

Matasa ku ji da kyau, sana'ar nan ta kai mutane nesa. Ku ciro naira ashirin ku juya bayanta, matar da ke wurin Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane, zanen kifi da ƙadangare da take yi a jikin tukunya shi ya zaga da ita duniya. A 1958 wasu ɗalibai a Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suka ce su fa ba za su tsaya kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, za su ɗebo daga abin da suka gada a gida, kuma har yau sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai. Wani zane mai suna Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, an daɗe ana nemansa, ashe yana rataye a wani gida a Landan, a 2018 aka yi gwanjonsa fam miliyan 1.2. Masu karanta Daily Trust kuwa sun san Mustapha Bulama, zane ɗaya zai yi ya faɗi abin da shafi guda na rubutu bai faɗa ba.

Na san akwai iyayenmu da ke ɗari-ɗari saboda maganar hoton abu mai rai, wannan fagen malamai ne kuma mun je mun zauna da Malam Liman kafin mu fara. Shi ya sa aji na biyu gaba ɗaya rubutun ayoyi ne da zayyana da zanen gonaki, rumbuna, itatuwan kuka da ginin gargajiya. Kowa zai samu wanda zuciyarsa ta natsu da shi.

Wanda ya saya kuma dan Allah ya kula da shi. Kar a rataye inda rana ke faɗowa ta taga, launin zai koɗe. Kar a kai kusa da madafa, hayaƙi na mayar da takarda ja. In bangon ƙasa ne a sa ɗan katako a baya ya ɗaga shi kaɗan saboda danshin damina da gara, kafintocinmu sun iya firam, gilashi kuma ana yankowa a Birnin Kudu. A rataye shi daidai idon mutum in yana tsaye, ba can sama kusa da silin ba inda sai an ɗaga wuya. Guda ɗaya mai kyau a bango ya wadatar, ba sai an cika ko'ina ba. Kuma in yaro ya faɗi kuɗin aikinsa a tuna kwanakin da ya yi a kai da kuɗin fenti, a daina ce masa ai kai namu ne.

Yallaɓai, roƙonmu ba mai yawa ba ne. Muna so a turo mana malamin zane a sakandaren nan, dan yaran duk da ka suke koya, wasu a waya suke kallo in sun samu data. Muna so in gwamnati za ta ƙawata ofis ko asibiti ko ɗakin taro a tuna da masu zanen Jigawa a saya a hannunsu, a rubuta sunan mai aikin a ƙasa. In kuma da hali a ba su ɗan wuri a Dutse ko sau ɗaya a shekara su baje kolinsu, waɗanda ke da kuɗin saye su gansu.

Akwai zanen zauren Dagaci da matasan suka haɗa kuɗi suka sa wa firam, tsarabarka ce, muna fata za a samar masa wuri a bangon ofis. Yanzu in ka yarda, ranka ya daɗe, sai mu taka zuwa ajin farko, kowane mai zane yana tsaye gefen aikinsa zai maka bayani da bakinsa.

Allah ya maida kai gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.