Amsoshin Tambayoyinku: Rikici da Faɗa a Ƙagaggen Labari

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

Wasiƙarmu ta farko daga wata baiwar Allah ce. Ta ce ta rubuta babi guda cur na artabu tsakanin tauraron labarinta da 'yan fashi, amma duk wanda ya karanta sai ya ce ko gezau bai yi ba. Ina matsalar take?

To malama, ina kyautata zaton matsalar ta faro tun kafin a kai ga faɗan. Mai karatu ba ya jin zafin dukan da aka yi wa wanda bai damu da shi ba. Me tauraron nan zai rasa in aka kayar da shi? In kuɗin tiyatar mahaifiyarsa ne a jakar da 'yan fashin ke son ƙwacewa, kuma tun farkon littafin mun ga wahalar da ya sha wajen tara su, to ana kai wa jakar hannu gaban mai karatu zai faɗi.

Sannan ki rage lissafin naushi. "Ya kai masa duka, ya goce, ya sake kai masa" aikin kyamara ne, kuma masu fim sun fi mu iya shi. Ke shiga jikin mutumin. Ɗanɗanon jini a bakinsa. Gwiwar da ta ƙi ɗaukarsa. Yatsun da suka ƙanƙame igiyar jakar har ya daina jin su. Jimlolinki su gajarce a nan, kamar numfashin mai gudu. Kuma don Allah ki bar shi ya tashi da rauni. In ya fito fes, a faɗa na gaba ba wanda zai ji masa tsoro.

Wani ɗan'uwa kuma yana tambaya ko dole ne labari ya kasance da mugu. A'a malam. Ga misali: likita ya ce a kwantar da tsoho a asibiti, tsoho ya ce a gidansa zai kwana, ɗansa yana tsakiya. Kowa na da gaskiyarsa, kuma dole wani ya rasa.

Sai mai tambayar ko laifi ne jaruma ta zaro wuƙa ta kuɓuta a babin ƙarshe. Marubucin Rasha Anton Chekhov, wanda ya rasu a 1904, ya ba da shawarar cewa bindigar da aka nuna a rataye a farkon wasan kwaikwayo dole a harba ta daga baya. Juya maganar: wuƙar da za ta ceci jaruma a babi na ashirin, mu gan ta tun babi na uku tana fere fensir da ita.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.