Amsoshin Tambayoyinku: Aikin da Aka Yi Ba Izini da Neman Girin Kad ta Hanyar Aure

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke unguwar Bronx a birnin New York. Ta ce ta shiga Amurka da bizar ziyara, ta yi watanni tana kitso a shagon wata 'yar uwarta ana biyanta kuɗi hannu da hannu, daga baya ta auri ɗan ƙasar, yanzu kuma tana cika takardun neman katin zama na dindindin, wato girin kad. A fom ɗin akwai tambayar ko ta taɓa yin aiki a ƙasar ba tare da izini ba, wasu kuma sun ba ta shawarar ta ce a'a, tunda babu inda aka rubuta. Tana so ta san mafita.

To Malama, fom ɗin da kike magana a kai shi ne I-485, wanda ake miƙa wa hukumar kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, wato USCIS, tare da I-130, fom ɗin da maigida zai cika domin tabbatar da cewa ke matarsa ce. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kuma biyan kuɗi a hannu ba ya hana kitso zama aiki a idon doka. Sai dai akwai abin da masu ba ki shawara ba su faɗa miki ba. Sashe na 245(c) na dokar shige da fice ta Amurka ya hana wanda ya yi aiki ba izini samun katin daga cikin ƙasar, amma ya cire makusantan ɗan ƙasa daga wannan hani, wato matarsa ko mijinta, da iyaye, da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba. Tunda mijinki ɗan ƙasa ne, kuma kin shigo ta hanyar da jami'ai suka duba ki suka buga miki hatimi, kitson da kika yi shi kaɗai ba ya cikin abubuwan da ke toshe miki hanya.

Abin da doka ba ta yafewa cikin sauƙi shi ne ƙarya. Wani sashe na wannan doka, 212(a)(6)(C), ya ce duk wanda ya faɗi abin da ba gaskiya ba da gangan a kan wani muhimmin al'amari domin ya samu biza ko kati, an haramta masa har ƙarshen rayuwarsa, sai dai in ya nemi afuwa da fom I-601, ya kuma nuna cewa hana shi zai jefa mijinta ko matarsa ko iyayensa, waɗanda 'yan ƙasa ne ko masu girin kad, cikin matsanancin ƙunci, abin da ba kowa ke iya tabbatarwa ba. Kin ga ke nan wanda ya ce ki amsa da a'a yana tura ki ne gudun gara ki faɗa gidan zago. Kada kuma ki dogara da cewa ba a rubuta ba. A ƙarƙashin rantsuwa za ki sa hannu, za a sake rantsar da ki ranar ganawa, jami'i na iya tambayar yadda kika ci kika sha duk tsawon watannin nan, sannan takardun banki da hotunan tallar kitso a Facebook ko Instagram suna nan. Wannan fayil ɗin ne kuma za a sake buɗewa idan kin zo cire sharaɗin katin shekara biyu da ake bai wa sabbin ma'aurata, da ranar da za ki nemi zama 'yar ƙasa. Ra'ayinmu shi ne ki amsa da e, ki haɗa da taƙaitaccen bayani na lokacin da wurin da irin aikin, ki kuma tuntuɓi masani kan harajin da ya hau kuɗin, domin hukumar harajin Amurka, wato IRS, tana karɓar haraji ko daga wanda ba shi da izinin aiki.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ne a jihar Texas mai bizar karatu ta F-1, wanda ya ce yana taya kawunsa tsaron shago, ba a ba shi albashi, sai ɗaki da abinci, kuma matarsa girin kad gare ta, ba ta zama 'yar ƙasa ba tukuna. Malam, naka lamarin ya fi na 'yar uwarmu nauyi ta fuska biyu. Ɗalibi yana da izinin aiki a cikin makaranta na sa'o'i 20 a mako lokacin karatu, abin da ke waje kuwa sai da izini na musamman, kuma ɗaki da abinci ana iya lissafa su a matsayin ladan aiki, ko da a wurinmu zumunci ne kawai. Sannan sassaucin da muka ambata bai shafi mijin mai girin kad ba, saboda haka idan aka ɗauki taimakon nan a matsayin aiki, zai iya hana ka samun katin daga cikin ƙasar. Kada ka yanke wa kanka hukunci cewa ba aiki ba ne don kawai hakan ya fi maka daɗi. Ka zauna da lauyan shige da fice mai lasisi, ba masu cika wa mutane takardu a unguwa ba, ka faɗa masa komai kafin ka miƙa ko takarda guda, ka kuma tambaye shi abin da zai canza idan matarka ta zama 'yar ƙasa.

Akwai tambaya guda da lauya zai yi wa ku duka biyun, kuma ta fi duk abin da muka tattauna haɗari: shin kun taɓa cika fom I-9, wanda masu ɗaukar aiki ke ba sabon ma'aikaci? Wanda ya zaɓi akwatin da ke cewa shi ɗan ƙasar Amurka ne alhali ba haka ba, daga ranar 30 ga Satumban 1996 zuwa yau, ya faɗa cikin hani na dindindin wanda galibi babu takardar afuwa a kansa, kuma auren ɗan ƙasa ba ya goge shi. Haka nan wanda ya yi aiki da takardun wani ko lambar wani, dole lauya ya sani tun farko. Idan ɗayanku ya taɓa sa hannu a irin wannan fom, ya nemi kwafinsa ya kai wa lauya ya duba akwatin da aka zaɓa, kafin a taɓa I-485.