Amsoshin Tambayoyinku: Sunan wa ke kan takardar?

To jama'a lokaci ba ya jira, Dakta na nan, mu faɗa wasiƙu.

Wani ɗan'uwa daga Mile 12 na tambaya wai Scopus ɗin nan mutum ne? A'a malam, rumbun bayanan takardun bincike ne na kamfanin Elsevier. A gaida 'yan tumatir.

Sai wata ɗaliba daga Idi-Araba, kuma mutane da yawa sun aiko irin tata: ya ake gane jami'a na haɗa kai da wasu wajen bincike? Dakta bismilla.

Dakta: Ai sunaye ake ƙirgawa ƙanwata. Takarda ta fito sai a duba adireshin marubuta, wannan Jami'ar Legas (UNILAG) ta Akoka, wannan Bayero Kano, wancan Ingila, shikenan an samu haɗin gwiwa na gida da na waje. Wasu masu ƙirgan kowace jami'a maki ɗaya cur suke ba ta, wasu kuma ɗayan nan suke rabawa uku. Ni abin da ke ban dariya ma, a 2015 masu binciken CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, sun fitar da takarda ɗaya mai marubuta 5,154, sunayen sun fi aikin kansa cin shafi, ga kuma Paul Erdős, masanin lissafi ɗan Hangari, da ya yi rubutu da mutum sama da 500, har yau masana lissafi...

Dakta agogo! Bari in maimaita mata: a duba sunaye, a duba adireshi, a ƙirga. Sunaye da adireshi, kin ji ko?

Amma fa ni wannan awon bai gama cika min ciki ba. Yaron da ya sha rana yana ɗibar ruwan kwata a kwalba, ya kwana a lab, sau da yawa ba ya ciki, ogan da ko karanta takardar bai yi ba shi ne a jere. Kwamfuta ina ta san wannan, abin da aka buga kawai take gani.

Na ƙarshe, wani Alhaji daga Agege wai in ya biya kuɗin bugawa za a sa sunansa? Haba Alhaji, ga Dakta har yana girgiza kai. Suna na wanda ya yi aikin ne, in an samu kuskure shi za a riƙe. Naka yana wajen godiya. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.