Yadda aka ɓoye mutum takwas a bayan kantar littattafai a Amsterdam

A wani gini a birnin Amsterdam na ƙasar Holan akwai wata kantar littattafai da a zahiri ƙofa ce. Johan Voskuijl, wani ma'aikacin sito a ginin, ya haɗa ta a watan Agustan 1942 domin ta rufe mashigar wasu ɗakuna a bayan gini mai lamba 263, titin Prinsengracht. Nan ne ofishin kamfanin Otto Frank, Bayahuden da ya baro Jamus bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933.

Ranar 5 ga Yulin 1942 aka aiko wa 'yarsa Margot takardar kira zuwa sansanin aikin dole. Washegari iyalin, wato Otto da matarsa da 'ya'yansu mata biyu, Margot da ƙanwarta Anne, suka shige maɓoya, kowa ya jibga kaya a jikinsa, don duk Bayahuden da aka gani da akwati an san gudu zai yi. Daga baya iyalin van Pels su uku da likitan haƙori Fritz Pfeffer suka tarar da su.

Babbar matsalar ita ce ƙara. Sito na ƙasa, kuma yawancin ma'aikatansa ba su san da mutane a sama ba. Suna isowa da ƙarfe 8:30 na safe, daga nan har ƙarfe 9 da ma'aikatan ofis ke zuwa, ba motsi. Ko ruwan banɗaki ba a korawa, saboda bututun ya bi ta cikin siton. Tagogi kullum a lulluɓe. Mai tari sai ya danne abinsa, mara lafiya kuwa ba damar kiran likita.

Sai abinci. A Holan ta lokacin, sayen abinci sai da katin rabo, wanda ya ɓuya kuwa ba shi da kati. Jan Gies ne ke nemo katunan ta bayan fage, matarsa Miep da Bep Voskuijl, ma'aikatan ofishin Otto, su rarraba cefanen a shaguna daban-daban kada a lura da yawansa. Kullum ransu a hannu, fiye da shekara biyu.

Ranar 4 ga Agustan 1944, bayan kwana 761, 'yan sanda suka buɗe kantar. Aka kai su sansanin Westerbork, daga can Auschwitz. Anne da Margot sun rasu a wani sansanin, Bergen-Belsen, a farkon 1945, cutar taifus da ƙwarƙwata ke yaɗawa ta kashe su. Otto kaɗai ya dawo.

Miep ce ta tsince rubuce-rubucen Anne daga ƙasa ta adana, ba ta karanta ba, ta miƙa wa uban. An buga su a 1947, aka mayar da gidan gidan tarihi a 1960. Cikin Yahudawa kusan 140,000 da ke Holan, an kashe kimanin 102,000.