Shayin yasmin yana hana barci kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau maganar shayi za mu yi, wannan mai ƙamshin furen yasmin da ake samu a manyan kantuna a nan Zariya, wanda matafiya ma kan zo da shi tsaraba. Mutane da yawa da zarar sun ga hoton farin fure a jikin kwalin, sai su sa shi sahu ɗaya da zoɓo da na'ana'a, su ce ai shayin fure ne, a sha a kwanta. To, ba haka abin yake ba. Akwai sinadarin kafeyin a cikinsa, wannan dai da ke cikin goro da gahawa, mai wartsakar da mutum ya kore masa barci.

Shi furen yasmin ba shi da kafeyin ko kaɗan. Amma abin da ke cikin kwalin ba fure ba ne, ganyen shayi ne na sosai, yawanci koren shayi, wani lokaci fari ko baƙi. Furen ƙamshi kawai ya ba shi.

Yadda ake yin sa ma abin sha'awa ne. A ƙasar Sin, birnin Fuzhou na lardin Fujian ne ya yi suna a wannan sana'a, har a shekarar 2014 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa noman yasmin da shayi na wannan birni cikin kayan gadon noma na duniya. Ganyen shayin ana tsinkarsa tun farkon shekara, a sarrafa shi a adana, a jira lokacin zafi da yasmin ke fure. Furen da rana ake tsinko shi, yana dunƙule bai buɗe ba, domin sai dare ya yi yake buɗewa ya saki ƙamshinsa. A daren nan ake cakuɗa shi da busasshen ganyen, a bar su tare na sa'o'i, ganye ya zuƙi ƙamshi ya zuƙi danshi. Gari na wayewa a tankaɗe furen a fitar, a sake busar da ganyen. Mai tsadar ana maimaita masa wannan aiki da sabon fure dare bayan dare, har sau bakwai ko fiye. Kamar dai yadda iyayenmu mata ke turara kaya a kan kaskon turaren wuta: atamfa ta ɗauki ƙamshi, amma tana nan atamfarta. 'Yan furannin da kuke gani jefi-jefi cikin wasu kwalaye, yawanci ado ne.

To nawa ne a ciki? Kofi ɗaya mai cin mililita 240 na koren shayi yakan ɗauki kimanin miligiram 30 na kafeyin, wani ya yi ƙasa da haka, wani ya kai 45. Shayin yasmin da aka yi da koren ganye yana nan cikin wannan tsakani. Baƙin shayi, irin Lipton ɗin da mai shayi ke haɗa mana ruwan bunu da shi, yana kusan 45 zuwa 50. Gahawa irin ta Nescafe, kofi ɗaya kusan 60, wadda aka dafa daga niƙaƙƙen 'ya'yanta kuwa ta kai 95. Gwangwanin Coca-Cola yana da 30 da 'yan kai. Ke nan shayin yasmin ba shi ne mai ƙarfin cikinsu ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne na dafaffiyar gahawa. Sai dai mai daɗin sha ne, ba ɗaci, ba nauyi, mutum sai ya shanye kofi uku yana hira bai ankara ba. Uku ɗin nan kuwa sun kamo gahawa kofi guda.

Wannan lissafi kuma ba a tsaye yake ba, hannun mai haɗawa na canza shi. Yawan ganyen da ka zuba, zafin ruwan, da daɗewar da ganye ya yi a ciki, su ne ke fitar da kafeyin. Ruwan da ya ɗan huce ya dawo kamar digiri 80, aka jiƙa ganye minti biyu zuwa uku, daban yake da wanda aka ɗora buta a gawayi tana ta tafarfasa da ganye a ciki, irin dahuwar shayin Buzaye. Wancan dahuwar tana tatse kusan duk abin da ke cikin ganyen, ta kuma kashe ƙamshin da aka sha wahalar sa masa, a ganina asara ce a yi wa yasmin haka. Na cikin 'yar jaka mai zare, da yake ganyensa a farfashe yake, ya fi saurin sakin kafeyin. Akwai kuma wanda ake murzawa da hannu ya zama 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar wake. Jefa biyar ko shida cikin kofin gilashi ka zuba ido: a hankali za su warware, kowanne ya miƙe ya koma siririn toho da ɗanyen ganye, ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa. Mutane kan ɗauka mai laushin nan ya fi sauƙi, alhali toho da sabon ganye sun fi tsohon ganye kafeyin.

Akwai wata magana da ke yawo, wai ka zuba ruwan zafi na daƙiƙa talatin ka zubar, shi ke nan ka wanke kafeyin. An auna an gani, ɗan kaɗan ne ke fita a wannan lokaci, mafi yawansa na nan cikin ganye. Abin da yake gaskiya shi ne jiƙo na biyu da na uku na ganye ɗaya sun fi na farko sauƙi.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne lokacin sha. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, adinosin, da ke taruwa tun safe, shi ke sa mutum jin gajiya da barci in dare ya yi. Kafeyin zuwa yake ya tare masa gurbi, gajiyar na nan amma ba ka jin ta. Yana kaiwa ganiyarsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan jikin baligi mai lafiya kan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Mu ƙaddara ka sha kofi biyu bayan sallar isha'i, ƙarfe tara na dare, miligiram 60 ke nan. Ƙarfe biyun dare da sauran kusan 30 a jikinka. Wani ko a jikinsa, zai yi barcinsa har da minshari. Wani kuwa sai juyi a kan katifa, ya tashi asuba da ciwon kai, ya ɗora laifin kan zafi ko sauro. Jiki ba ɗaya ba ne.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a shekarar 2015, ta ce miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Da shayin yasmin kaɗai da wuya ka kai 400. Amma mu nan ba shi kaɗai muke sha ba. Da safe an tsaya teburin mai shayi, "Malam, haɗa min mai kauri, a sa Nescafe." Da hantsi an ɓara goro, wanda kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa kafeyin ne. Da rana lemon kwalba, da la'asar shayin majalisa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, na Samaru da na Kongo, lokacin jarrabawa ga lemon ƙara kuzari a kai. Duka wuri ɗaya suke taruwa.

Hajiya mai juna biyu, ke ce kika fi buƙatar wannan lissafi, domin a watannin ƙarshe kafeyin kan daɗe a jiki ninki biyu ko fiye. Shayi kuma, in aka sha shi tare da abinci, yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganyaye, ga shi ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matanmu. A ba da tazarar awa ɗaya tsakanin tuwo da shayi, kuma ranar awo a faɗa wa ma'aikaciyar asibiti abin da ake sha. Mai bugun zuciya da mai hawan jini su ma su tambayi likitansu.

Kafin ka saya, juya bayan kwalin ka karanta abin da aka haɗa. In an ambaci koren shayi ko baƙi, akwai kafeyin. In busasshen furen yasmin ne zalla, babu. Wanda aka rubuta an cire masa kafeyin yakan rage da miligiram kaɗan, ba ya zama fayau. Mai son yasmin ya sha abinsa da safe ko bayan azahar. In kuma sanyin hunturu ya sa kana son abu mai zafi da dare, ga citta da kanumfari, ga na'ana'a, ga zoɓo mai ɗumi, duk babu kafeyin a cikinsu, muddin ba a jefa musu ganyen shayi ba.