Wayar da ta kawo kuɗin dawa, ita ta kawo jita-jita

Assalamu alaikum ƙannena, na Gadarif da Kasala, na Maiurno da Damazin, da waɗanda yaƙi ya kora zuwa Bor Sudan ko ya tsallakar da su Jidda. Maganarmu ta yau a kan abin da ke hannunku ce, wannan wayar da kuke kallona da ita.

Ba zan fara da zaginta ba, domin mun ga ranarta. Daga 15 ga Afrilu 2023, da aka fara luguden wuta a Khartum, babban birnin Sudan, gidaje suka tarwatse. Uwa tana Sinnar, ɗa yana gabas, ƙanwa ba labari. Matasa ne suka riƙa ɗora hoton wanda ya ɓace a Facebook, wani ya gani ya ce na gan ta a makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Masu ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni a WhatsApp suke shirya aikinsu: wa ke da maganin ciwon suga, wace hanya ce a buɗe, takiyyar wace unguwa ce, wato ɗakin girkin sadaka, hatsinta ya ƙare. Yayanka da ke aiki a Makka ya turo kuɗi, su faɗo Bankak, manhajar banki ta waya, ka nuna wa mai shago a fuskar waya, ka ɗauki buhun dawa. Da makarantu suka daɗe a rufe, ɗalibai da dama a YouTube da Telegram suka ci gaba da darasi. A Fabrairun 2024 kuwa, da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mun gane cewa rashin intanet yunwa ce. Akwai wuraren da sai an biya kuɗin awa a wurin mai Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, kafin a karɓi kuɗin abinci.

Yanzu ku koma baya da ni zuwa Yulin 2022, jihar Nilu Shuɗi. Rikicin ƙasa da na sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, a Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Ba waya ce ta haifi rikicin ba, tushensa ya daɗe. Amma duk wanda yake riƙe da waya a kwanakin nan ya san abin da ke shigowa cikinta: zagin ƙabila, hoton gawa ba sunan gari ba kwanan wata, murya tana cewa ga su nan zuwa. Kuma a kowane ɓangare akwai yaron da ya tura da zuciya ɗaya, a ganinsa ceton danginsa yake yi. Wannan ne yake min ciwo har yau.

Me ya sa irin wannan saƙo yake gudu kamar wutar daji? Su kamfanoni irin su Facebook da TikTok da talla suke samun kuɗi, talla kuwa sai ka daɗe kana kallo. Don haka manhajar tana lura da kai: ina ka tsaya, me ka sake kallo, me ya sa ka yi sharhi. Abin da ya riƙe ka, shi za ta ƙaro maka, kuma ba abin da ke riƙe mutum irin fushi da tsoro. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa tun 2017 kamfanin yana ba alamomin fuska, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar babban yatsa. Daga baya sun rage, amma kun dai ga yadda ake awon. Dabarar ce kuma take sa ka ce minti biyar zan yi a TikTok, ka ɗago kai ana kiran assalatu, ga gonar riɗi tana jiranka.

WhatsApp lamarinsa daban ne, kuma shi ya fi shafarmu. Saƙonninsa a kulle suke, kamfanin da kansa ba ya jin abin da ke ciki. Wato muryar da aka naɗa da Hausa ko Larabci, aka jefa a zauren dangi, ba mai tace ta sai wanda ta iso wayarsa. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe mutane a Indiya a 2018, sun taƙaita turawa zuwa wuri biyar, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya a lokaci guda. Shi ne wanda za ka gani da kibiya biyu a samansa.

Ƙanena, idan ka ga kibiya biyun nan, ka dakata. Mai muryar ya faɗi sunansa? Ya faɗi gari da rana? In an ce a garin Rusairis abin ya faru, kana da wani a can, kira shi ka ji daga bakinsa. Ke kuma ƙanwata mai riƙe da zauren unguwa, akwai wurin da za ki danna ya zama masu kula da zaure kaɗai ke iya aika saƙo. Daren da gari ya rikice ki danna shi, da safe ki buɗe.