Kada a cire yunwa daga labarin Jean Valjean

Masu sauraro, Faransa ta sake komawa kan Les Misérables, littafin da Victor Hugo ya wallafa a 1862. Darakta Fred Cavayé ne ke riƙe da aikin mayar da shi sabon fim, Vincent Lindon zai fito a matsayin Jean Valjean, Tahar Rahim kuma shi ne ɗan sanda Javert, ana kuma sa ran fim ɗin a 2026. Ina ɗokin ganinsa ƙwarai, amma hankalina bai kwanta ba.

Tun da fim ɗin Monte-Cristo na 2024, wanda aka ɗauko daga tsohon littafin Alexandre Dumas, ya sayar da tikiti sama da miliyan 9 a Faransa, kowa ya gane akwai kuɗi a tsofaffin littattafai, musamman idan aka cika su da takobi da gudu da ramuwar gayya. Shi kuma Cavayé da fina-finan tsere da farautar mutum ya yi suna, irin su À bout portant. To ga labari a hannunsa mai ɗan sanda yana bin tsohon fursuna shekara da shekaru. Abin da nake tsoro ke nan: a mayar mana da littafin Hugo wasan ɓuya tsakanin maza biyu, a manta abin da ya jefa Valjean kurkuku tun farko.

Yunwa ce ta jefa shi. Mai sassabe itatuwa ne a ƙauyen Faverolles, yana ciyar da 'yar uwarsa da 'ya'yanta bakwai. Sanyin hunturu ya zo, aiki ya tsaya, gida babu ko loma. Ya fasa gilashin gidan burodi ya ɗauki guda ɗaya. Aka yanke masa shekara 5, yunƙurin tserewa ya mayar da su 19 a kurkukun Toulon. Da ya fito a 1815 aka miƙa masa takardar shaida mai ruwan ɗorawa wadda ke sanar da kowa cewa tsohon fursuna ne, har masauki ya gagare shi a garin Digne alhali da kuɗinsa a hannu. Shekara 19, jama'a, kuma tushenta burodi guda!

Ga Fantine. An kore ta daga masana'anta don an gano tana da 'ya ba aure. Ta sayar da gashin kanta faran 10 (kuɗin Faransa na lokacin), ta sayar da haƙoranta biyu na gaba faran 40, duk don ta aika wa Thénardier da matarsa, mutanen da ta bai wa riƙon 'yarta Cosette, masu tura yarinyar ɗebo ruwa cikin daji da dare. Idan fim ya wuce wannan a minti uku don ya hanzarta zuwa shingayen boren Paris na 1832, to ya ci amanar littafin.

Za a ce mini fim nishaɗi ne, kuma littafi mai shafi fiye da dubu ba ya shiga awa uku. Wa ya ce a saka duka? A yanke dogon bayanin yaƙin Waterloo, a yanke tarihin magudanan ruwan Paris, babu wanda zai yi kuka. Yunwar ce ba ta yankuwa. Hugo da kansa ya faɗa a gabatarwar littafin cewa muddin jahilci da talauci na nan a doron ƙasa, irin wannan littafi ba zai rasa amfani ba. Ya rubuta haka yana gudun hijira a tsibirin Guernsey, kuma da talaka yake.

Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne Lindon. A 2015 ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Cannes saboda rawar magidancin da ya rasa aikinsa yake ta fafutukar ciyar da iyali. Ya san yadda fuskar mai neman abin sawa a baki take. Sai dai ɗan wasa ba shi ke yanka fim ba. Darakta da masu zuba kuɗi ne za su yanke ko za mu ga yaran nan bakwai da idonmu kafin a fasa gilashin, kuma a kan wannan zan auna aikin Cavayé ranar da fim ɗin ya fito.